Dabbobin Da Sunayensu Na Kimiyya Ke Nufin "Mai Kai Ruwan Toka"

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin nazarin halittu ne a wata makarantar sakandare a Argungu. Ina shirya darasi kan sunayen kimiyya na dabbobi, sai na ci karo da kalmar poliocephalus a sunan wani jemage, da wani biri, da tsuntsaye da dama, kuma an ce ma'anarta ita ce mai kai ruwan toka. Shin waɗannan dabbobin 'yan uwan juna ne? Kalmar tana da alaƙa da cutar polio? Sannan akwai masu irin wannan suna a yankinmu da zan iya nuna wa ɗalibai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara basira. Idan na fahimce ka daidai, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda kalma ɗaya ta shiga sunan jemage da biri da tsuntsu, alhali a aji muna koya wa yara cewa sunan kimiyya yana nuna dangantaka tsakanin halittu. Amsar a taƙaice ita ce, waɗannan dabbobi ba abin da ya haɗa su sai launin kai, kuma a wasunsu ma launin bai yi daidai da abin da sunan ya faɗa ba. Kalmar kuwa tushenta ɗaya da na polio, amma tushen harshe ne kawai. Masu irin wannan suna kuma suna nan a fadamarku ta Argungu, wasu har cikin gari.

Inda dangantaka take a cikin suna

Tsarin sunaye masu kalma biyu ya kafu ne ta hannun Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, kuma masana dabbobi sun amince a fara lissafi daga shekarar 1758, lokacin da ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae. Kalmar farko, wadda ake farawa da babban harafi, ita ce sunan dangi, kuma a cikinta kaɗai dangantaka take. Ba a yarda dangi biyu na dabbobi su ɗauki suna ɗaya ba. Kalma ta biyu, mai ƙaramin harafi, ita ce ke ware nau'i guda daga cikin dangin, kuma sau da yawa sifa ce kawai ta launi, ko ta siffa, ko sunan wuri, ko sunan wani mutum da aka so a girmama. Wannan kalma ta biyu ana iya maimaita ta sau ko nawa ne, muddin ba a cikin dangi ɗaya ba. Saboda haka poliocephalus ta samu damar yawo daga Pteropus, dangin manyan jemagu, zuwa Trachypithecus, dangin wasu birai na Asiya, zuwa Cuculus da Turdus a cikin tsuntsaye, ba tare da an karya doka ko ɗaya ba.

Kalmar haɗin kalmomi biyu ce na tsohon Girkanci: polios da kephale. Kephale shi ne kai. Polios kuwa launi ne tsakanin fari da baƙi, kuma Girkawa sun fi amfani da ita wajen siffanta gashin dattijo, wato abin da muke kira furfura. Sunan cutar shan inna a likitance, poliomyelitis, daga wannan polios ɗin ya fito, aka haɗa ta da myelos, wato ɓargo ko laka, domin ƙwayar cutar tana lalata sashen laka mai launin toka ne, inda jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi suke da tushe. Ina roƙon ka fayyace wa ɗalibai wannan sosai: babu ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi da ke ɗauke da shan inna ko yake yaɗa ta, cuta ce da ke yawo daga mutum zuwa mutum. Mun sha wahala a Arewa kafin a ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a ranar 25 ga Agusta, 2020, kuma mun ga irin ɓarnar da jita-jita ke yi, don haka bai kamata yaro ya koma gida ya ce malam ya ce jemage ne ke kawo shan inna ba.

Poliocephalus ba ita kaɗai ke ɗauke da wannan ma'ana ba, kuma idan ɗalibai suka riƙe 'yan saiwoyin kalmomi, za su iya karanta sunaye masu yawa da kansu. A Latin, canus shi ne mai furfura, cinereus mai launin toka, griseus ruwan toka, plumbeus kuma launin dalma. A Girkanci, tephra da spodos duk toka suke nufi. Ta ɓangaren kai kuma, idan suna ya ƙare da -cephalus daga Girkanci ne, idan -ceps ne daga caput na Latin ya fito, -capillus kuwa gashin kai ne. Daga nan aka samu caniceps, canicapillus, cinereiceps, griseiceps, plumbeiceps, tephrocephalus da spodocephalus. Akwai ma griseocephalus, wadda rabinta Latin ne rabinta Girkanci, a sunan wani tsuntsu mai sassaƙar itace na kudanci da gabashin Afirka, Dendropicos griseocephalus. Masu tsantseni a harshe ba sa son irin wannan gamin gambiza, amma doka ba ta hana ba.

Za ka kuma lura wani wuri an rubuta poliocephalus, wani wuri poliocephala. Ba kuskuren bugu ba ne. Sifa a Latin tana bin jinsin sunan da take siffantawa, kamar yadda muke cewa farin doki amma farar goɗiya. Chloephaga, dangin wasu dinyoyin daji na kudancin Cile da Ajantina, sunan mace ne, shi ya sa aka ce Chloephaga poliocephala. John Latham ya raɗa wa wata kazar ruwa ta Indiya suna Gallinula poliocephala a 1801, da aka mayar da ita dangin Porphyrio, wanda sunan namiji ne, sai ƙarshen ya koma poliocephalus.

Waɗanda ka ci karo da su

Jemagen da ka gani shi ne Pteropus poliocephalus na gabashin Ostireliya, wanda masanin ƙasar Holan Coenraad Temminck ya siffanta a 1825. Babba ne ƙwarai, faɗin fikafikansa ya kan kai mita ɗaya, kansa ruwan toka ne, wuyansa kuma zagaye yake da gashi ja-ja mai kama da lemo. Furanni da 'ya'yan itatuwa yake ci, kuma yana cikin manyan masu yi wa itatuwan turare barbara a dazuzzukan ƙasar. Dangin Pteropus ba sa zama a babban yankin Afirka, sai a tsibirai irin su Pemba da Madagaska. Jemagen da muke gani ya cika itatuwa a garuruwanmu shi ne Eidolon helvum, kuma shi ma launi ne sunansa ke faɗa, domin helvus launin zuma ne ko na busasshiyar ciyawa.

Birin kuwa Trachypithecus poliocephalus ne, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsibirin Cat Ba na ƙasar Biyetnam, yana zaune kan duwatsun farar ƙasa, kuma yana cikin birai mafi fuskantar barazanar ƙarewa, domin a ƙididdigar shekarun baya-bayan nan ba su kai 100 ba. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya ga hoton babbansa zai ce kansa ruwan zinare ne ko ɗorawa mai haske, ba toka ba.

A cikin tsuntsaye akwai wani mai nutso a tafkunan Ostireliya da ya ɗauki kalmar sau biyu, Poliocephalus poliocephalus. Shi sunan ya dace da shi fiye da kowa, domin a lokacin ƙwai kansa kan fito da siraran fararen gashi a kan baƙi, tamkar furfura ta fara. Maimaita kalma haka halal ne a sunayen dabbobi, kamar Agama agama, ƙadangaren da ke kan katangunmu, amma an hana shi a sunayen tsirrai.

Kazar ruwan da na ambata ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, saboda tana nuna yadda suna ke hawa da sauka. An daɗe ana ɗaukar duk manyan kajin ruwa masu launin shuɗi da jan baki, daga Sifaniya har Niyu Zilan, a matsayin nau'i ɗaya, Porphyrio porphyrio, kuma a lokacin poliocephalus sunan reshe ne kawai, kalma ta uku. Bayan nazarin ƙwayoyin gado, manyan jerin sunayen tsuntsaye suka raba su gida shida, sai mai kai ruwan toka, wadda ke zaune daga Gabas ta Tsakiya zuwa Indiya da Tailan, ta zama nau'i mai cin gashin kansa. Ta Afirka, wadda ake samu a dausayi masu kacalla da gemu irin na Haɗejiya da Nguru, ta zama Porphyrio madagascariensis, kuma ana gane ta da koren baya.

Me ya sa kai, kuma me ya sa toka

Dalili na farko yana ga yadda aka raɗa yawancin sunayen. A ƙarni na 18 da na 19, mutumin da ke raɗa suna yana zaune ne a gidan adana kayan tarihi a Landan ko Faris ko Leiden, an kawo masa busasshiyar fata daga ƙasar da bai taɓa takawa ba. Bai ji kukan tsuntsun ba, bai ga sheƙarsa ba, bai san abin da yake ci ba. Launin ido ya tafi tun ranar da aka feɗe shi, launin baki da ƙafa ya kan dushe, abin da ya rage masa shi ne gashi. Idan ya jera sabuwar fatar kusa da ta 'yan uwanta, abin da ya fara bambanta su shi zai zama suna.

Dalili na biyu shi ne, a tsakanin tsuntsaye masu kusancin dangantaka, kai ne wurin da bambanci ya fi fitowa. Jiki da fikafikai sukan yi kama saboda aikinsu ɗaya ne, tashi da ɓuya, amma fuska ita ce abin da tsuntsu ke nuna wa ɗan uwansa lokacin neman mace ko kare wurin zama. Shi ya sa a nau'o'i da dama namiji kaɗai ke da launin da ya zama suna. Ƙaramin akun Madagaska, Agapornis canus, namijin ne ke da kai da ƙirji ruwan toka, macen kuwa koriya ce gaba ɗaya. Launin toka kansa kuma ba wuyar samu gare shi ba a jikin dabba. Sinadarin melanin, wanda ke ba fatarmu da gashinmu duhu, shi ne ke ba gashin tsuntsu baƙi idan ya yi yawa, ya ba shi toka idan ya yi sauƙi, kuma jiki ne ke haɗa shi da kansa, ba kamar ja da ɗorawa na tsuntsaye da yawa ba, waɗanda sai sun samo su daga abinci. Don haka launin ya bayyana a zuriyoyi da yawa da ba su gaje shi daga kaka ɗaya ba.

Sai kuma abin da na fi so ɗalibai su gane, wato cewa da zarar an wallafa suna bisa ƙa'ida, ya zauna ke nan, ko da daga baya an ga bai dace ba. Dokar sunayen dabbobi ta duniya tana ba sunan da ya riga fifiko, kuma ta ce rashin dacewar ma'ana ba hujja ba ce ta soke suna. Linnaeus ya kira wani tsuntsun yankin Niyu Gini Paradisaea apoda, wato marar ƙafa, domin fatun da ake kawowa Turai an riga an yanke musu ƙafafu, kuma har yau sunan ke nan. Hankaka Corvus albus ne, wato fari, alhali ƙirji da wuya kaɗai ke da fari. Tarwadar da masunta ke kamawa a Matan Fada, Clarias gariepinus, tana ɗauke da sunan kogin Gariep na Afirka ta Kudu, inda aka fara siffanta ta. Abin kamar gidan da ake kira gidan Dogo ne: kakan ne dogo, jikoki kuwa ko gajeru ne sunan gidan bai canzawa, kuma duk wanda ya tambaya za a kai shi ƙofar ba ɓata. Aikin sunan ke nan, ya sa masani a Aliero da masani a Tokyo su san abu ɗaya suke magana a kai. A ganina wannan doka daidai ce, domin da za a riƙa gyara suna duk lokacin da wani ya ga launin bai yi masa ba, da littafin shekara ashirin da suka wuce ya zama ba ya karantuwa.

Na gida, waɗanda za ka iya nunawa

Mafi sauƙi shi ne gwara, Passer griseus, wadda Louis Vieillot ya siffanta a 1817. Sunanta ya ce ruwan toka kawai, bai ambaci kai ba, amma kan ne ke da launin, bayanta da fikafikanta ja-ja ne masu kama da ƙasa, da ɗan ɗigon fari a kafaɗa. Tana nan a harabar kowace makaranta da bakin kowane rumbu, kuma namiji da mace kamarsu ɗaya.

Na biyu shi ne ƙaramin akun nan na dazuzzukanmu mai koren baya da ciki ruwan ɗorawa ko lemo, Poicephalus senegalus, wanda manoma suka sani da ɓarnar gero da masara. A nan sunan dangin ne ke ɗauke da ma'anar, domin masana asalin sunaye suna mayar da Poicephalus, wanda William Swainson ya kafa a 1837, zuwa phaios, wata kalmar Girkanci ta launin toka mai duhu, haɗe da kai. Namu ya cika sunan, kansa toka ne sosai da idanu ruwan ɗorawa, amma ɗan uwansa na tsaunukan Habasha, Poicephalus flavifrons, fuskarsa ɗorawa ce. Tsawon namu kimanin santimita 23 ne, kuma a kogon itace yake ƙwai, don haka ya fi yawa inda manyan itatuwa suka rage, kamar ƙasar Zuru da Yawuri. Kada ka sayi na keji a kasuwa saboda darasi, domin yana cikin tsuntsayen da aka fi kamawa daga daji don fatauci, kuma kowane ciniki yana ƙara wa masu tarko ƙwarin gwiwa.

Wanda na fi amfani da shi idan na fita da ɗalibai shi ne ɗan siririn tsuntsun nan mai ciki ruwan ɗorawa, mai kaɗa wutsiya, da ke bin ƙafafun shanu a fadama da rani yana cin ƙwarin da suka tayar, Motacilla flava. Baƙo ne daga Turai, ya kan iso wajen watan Satumba ko Oktoba, ya koma a Maris ko Afrilu. Jikin duk ɗaya ne, amma kan namiji yana nuna ƙasar da aka ƙyanƙyashe shi. Reshen flava na tsakiyar Turai kansa toka ne mai shuɗi-shuɗi da farar gira. Reshen thunbergi na arewacin Turai kansa toka mai duhu ne ba gira, kuma sunan Carl Thunberg, ɗalibin Linnaeus, aka ba shi. Reshen feldegg na yankin Balkan kansa baƙi ƙirin ne. Reshen Italiya kuwa, mai kai ruwan toka da farin maƙogwaro, sunansa cinereocapilla, wato mai gashin kai launin toka, kuma Afirka ta Yamma yake yin rani. A garken shanu ɗaya a gefen gonakin shinkafa za ka iya ganin fiye da reshe ɗaya, kuma babu darasin da ya fi wannan nuna wa yaro dalilin da ya sa masu raɗa suna suka fi duban kai.

Da damina kuma ka nemi Halcyon leucocephala, ɗan dangin tsuntsaye masu kamun kifi, amma shi fara da ƙananan ƙadangaru ya fi ci, kuma ba dole ne a gan shi a bakin ruwa ba. Bakinsa ja ne dogo, cikinsa ja mai duhu, fikafikai da wutsiya shuɗi mai sheƙi, kansa kuwa toka ne mai haske. A Turanci mai kai ruwan toka ake ce masa, amma leucocephala farin kai take nufi. Ka sa ɗalibai su kalle shi su yanke hukunci da kansu wane suna ya fi kusa da gaskiya.

Iyakar abin da ido zai iya

Aikina ya fi karkata ga tsuntsaye, kuma abin da fita daji ya koya mini shi ne, toka ita ce launin da ya fi yaudarar ido. Da tsakar rana kai mai toka kan koma fari, a inuwar itace ya koma baƙi, a cikin hazon hunturu kuwa kusan kowane tsuntsu toka ne. Hoton waya ma yana ƙara ko rage launi yadda ya ga dama. Don haka ba na karɓar shaidar launin kai ita kaɗai daga ɗalibi, sai ya faɗa mini girman tsuntsun, da siffar bakinsa, da launin ciki da baya, da wurin da ya gan shi, da abin da yake yi. A kan Motacilla flava ma, mata da 'ya'yan shekara ba sa nuna reshensu a fili, sannan rassan suna auratayya a inda ƙasashensu suka haɗu, sai a samu masu kai tsaka-tsaki waɗanda ko an riƙe su a hannu ba a iya jingina su ga reshe ɗaya da tabbaci. A irin wannan hali, abin da ya dace shi ne a rubuta kalma biyun a tsaya, kada a tilasta ta uku.

Shawarata ga darasinka ita ce ka fara da saiwoyin kalmomin a allo, ka ba yara sunaye kamar Eulemur cinereiceps na Madagaska, da Nigrita canicapillus da Bleda canicapillus na dazuzzukan kudancin Nijeriya, su warware ma'anarsu da kansu, sannan ka tambaye su wace kalma ce ke nuna dangi. Bayan haka ka fita da su. Gwara kam ba ta buƙatar tafiya. Don ganin masu bin shanu, ka zaɓi ƙarshen Fabrairu ko watan Maris, lokacin da mazan suka sake gashi suna shirin komawa kuma launin kansu ya fito sosai, ku fita da sassafe rana tana bayanku, ku nemi izinin makiyayi kafin ku matsa kusa da garke. Madubin hangen nesa ɗaya ya ishi aji idan ana karɓa-karɓa, kowane yaro kuma ya zana kan da ya gani a littafinsa kafin a buɗe littafin hotuna a gwada.